Hutun Rashin Lafiyar da Ma'aikaci Bai Ɗauka Ba, Bashi Ne a Kan Hukuma?

Jawabin da wani tsohon jami'in mulki ya yi wa taron ma'aikatan ƙananan hukumomi

 Sa'ad da aka aiko mini da takardar gayyata, an rubuta a ƙasanta wata tambaya da aka ce wasu daga cikinku suna ta yi, watau ko ya kamata ma'aikacin ƙaramar hukuma wanda ya yi shekaru bai taɓa hutun rashin lafiyarsa ba a biya shi kuɗin waɗannan kwanaki ranar da zai ajiye aiki. An ce kun ji labari ana yin haka a Amurka. Gaskiya ne ana yi. Amma labarin da ya iso muku rabi ne, ni kuwa na zo da ɗaya rabin.

Kafin in kai ku can, bari in gaya muku abin da ya sa tambayar ba ta zo mini da mamaki ba. A wani ofishi da na taɓa aiki akwai wani dattijon masinja, wanda ya yi shekara talatin da wani abu yana buɗe ƙofa kafin kowa ya zo, yana rufe ta bayan kowa ya tafi. Damina da rani, ban taɓa ganin takardar likita da sunansa ba. A ofishin nan kuma akwai wani akawu wanda zazzaɓinsa ya san ranar kasuwar garinsu, bai taɓa kuskure ta ba. Da suka bar aiki, aka sallami kowa bisa matakin albashinsa, akawun nan ya fi masinja samu nesa ba kusa ba. Babu ko layi ɗaya a takardar sallamar dattijon da ya nuna bambancin da ke tsakaninsu. Duk wanda ya ga irin wannan ya ce akwai rashin adalci a ciki, ba zan yi musu da shi ba. Abin dubawa shi ne ko maganin da ake nema zai warkar da ciwon, ko kuwa zai haifi wani wanda ya fi shi.

To, ga yadda abin yake a Amurka. A can ba a ba ma'aikacin gwamnati hutun rashin lafiya a dunƙule. Tara shi yake yi kaɗan-kaɗan kamar adashi. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana samun awa 4 a kowane mako biyu, watau kwana 13 a shekara. A Jihar New Jersey ma'aikacin da ke ƙarƙashin dokar aikin gwamnati yana samun kwana 15. Abin da bai ɗauka ba bana ba ya ɓacewa, ana ɗora masa a kan na baɗi, haka har ranar barin aiki. Asalin hikimar wannan tsari ba ta da aibu. Mutum yana tara kwanaki lokacin ƙuruciya da ƙarfi, domin in babban ciwo ya kwantar da shi wata uku ko huɗu a tsakiyar rayuwa, albashinsa ba zai tsaya ba. Rumbu ne da ake cikawa saboda shekarar fari.

Sai dai hukumomi suka lura da wani abu. Mutumin da ya ga ritaya ta matso, rumbunsa cike, kuma ya san ranar da ya fita ƙofa kwanakin nan sun zama iska, sai ya fara rashin lafiya ran Litinin da ran Juma'a. A ofishin rubuce-rubuce wannan da sauƙi, aiki ya jira gobe. Amma ku sani a Amurka 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da malaman makaranta galibi ma'aikatan gari ne ko na gunduma, kamar dai 'yan dokan En'e na dā. In ɗan kwana-kwana bai zo ba, ba a barin gurbinsa, tilas a kira wani a biya shi kuɗin ƙarin lokaci, wanda ya fi na aikin yau da kullum tsada. Saboda haka garuruwa da yawa suka ce wa ma'aikata, kada ku ƙone kwanakinku, ku ajiye, za mu saya daga gare ku ranar sallama.

Akwai kuma wani dalili wanda ba a cika faɗi a fili ba. A teburin sulhu tsakanin hukuma da ƙungiyar ma'aikata, ƙarin albashi abu ne da za a biya bana, daga kasafin kuɗin bana, mai biyan haraji kuma zai ji a jikinsa kafin zaɓe. Alkawarin sayen kwanaki kuwa sai bayan shekara ashirin ko talatin zai zo, lokacin da magajin garin da ya sa hannu ya daɗe da sauka. Alkawari ne mai arha ga wanda ya ɗauka, mai tsada ga wanda ya gada.

Bari mu yi ɗan lissafi, na misali ne kawai, domin ku ga inda gizo yake saƙar. A ce mutum ya yi shekara 30 yana samun kwana 15 a shekara, kwana 450 ke nan. A ce ya ɗauki 90 a tsawon aikinsa, saura 360. Lokacin da ya kama aiki ladan yininsa dala 100 ne, lokacin da zai fita ya zama babba, yininsa dala 400. To, da wane farashi za a sayi kwanakin? A wurare da yawa da farashin ranar fita ake saye. Kwanan da ya ajiye yana ƙaramin ma'aikaci, sai a biya shi da kuɗin shugaban sashe. Kwana 360 sau dala 400, dala 144,000 ke nan, a dunƙule, ban da fansho. In mutum biyar irinsa suka bar aiki a shekara guda a ƙaramin gari, ma'aji ya shiga uku.

Wannan ba tatsuniya ba ce, abin da ya faru ke nan a New Jersey, jihar da take da ƙananan hukumomi fiye da 560, waɗanda kuma mafi yawan kuɗinsu daga harajin gidaje da filaye yake fitowa, harajin da yake cikin mafi tsada a duk Amurka. Manyan 'yan sanda da shugabannin makarantu suka riƙa fita da ɗaruruwan dubban daloli, har jama'a suka laƙaba wa kuɗin suna, suna ce masa cekin sayen jirgin ruwa, domin wai da shi mai ritaya yake sayen jirgin shan iska. Ma'aikatan gwamnatin jihar kanta ba su da wannan gata. Tun da daɗewa dokarsu ta ce rabin ladan yini za a biya a kan kowane kwana, kuma duka kada ya wuce dala 15,000. Garuruwa ne aka bari kowa da kiɗansa.

A shekarar 2007 majalisar jihar ta sa wa manyan jami'an ƙananan hukumomi wannan iyaka ta dala 15,000, ta kuma ce ba za a biya ba sai ranar ritaya. A 2010 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da duk wanda aka ɗauka aiki bayan 21 ga Mayu na shekarar. Saura tsofaffin ma'aikata, waɗanda su ne masu manyan rumbuna. Majalisa ta kai wa Gwamna Chris Christie, wanda ya yi mulki daga 2010 zuwa 2018, wata doka mai sa musu iyaka su ma, shi kuwa ya mayar da ita, ya ce shi ba iyaka yake so ba, so yake a daina biyan ko kwabo a kan kwanakin da za a tara nan gaba. Hujjarsa ita ce hutun rashin lafiya na marar lafiya ne, wanda bai yi ciwo ba kuwa ladansa shi ne lafiyar da ya samu. Majalisa ba ta yarda ba, shi ma bai sauko ba, aka tashi baram-baram, tsofaffin ma'aikata suka ci gaba da tarawa. Ni a ganina gwamnan yana da gaskiya a magana, amma ya yi asara a aiki, domin ya ƙi rabi yana neman duka, ya tashi babu ko ɗaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne abin da ya biyo baya. A shekarar 2022 ofishin mai binciken kuɗin jihar ya duba garuruwa 60, ya tarar 57 daga ciki ba su bin waɗannan dokoki yadda aka rubuta su. Wasu suna sayen kwanaki kowace shekara maimakon jiran ritaya. Wasu suna biyan wanda ya yi murabus ya koma wani aiki. Wasu kuma sun sake wa abin suna, mutum ya zauna a gida watanni yana karɓar cikakken albashi kafin ranar ritayarsa ta cika. Jama'a, wannan fa ƙasa ce mai kotuna da jaridu da masu bincike da kwamfuta a kowane ofishi. In doka ta shekara goma sha biyar a littafi a can ba a bi ta ba, sai ku auna da kanku yadda za ta kasance a inda fayil yake ɓacewa tsakanin tebur da tebur.

Kada ku ɗauka na zo ne in rushe maganar gaba ɗaya. Masu cewa a bar kwanakin su mutu haka nan, su ma Amurka ta ba su amsa. Tun 1969 gwamnatin tarayyarsu take lissafa wa ma'aikaci kwanakin rashin lafiyar da bai ɗauka ba a cikin shekarun aikinsa wajen yanka masa fansho. Da aka kawo sabon tsarin fansho, wanda ya fara aiki a 1987, sai aka cire wannan. Ba a daɗe ba aka ga 'yan sabon tsari sun fi 'yan tsohon tsari yawan kwanciya ciwo, musamman in ritaya ta ƙarato, har aka riƙa yi wa abin ba'a ana kiransa murar sabon fansho. A ƙarshe majalisar tarayya ta janye. A watan Oktoba na 2009 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta mayar da lissafin, da farko rabin kwanakin, daga farkon 2014 kuwa dukansu. Abin lura a nan, gwamnatin tarayyar ba ta ba kowa tsabar kuɗi a kan waɗannan kwanaki. Fanshon mutum ne yake ƙaruwa kaɗan, ana biyansa wata-wata.

Tsakanin sakin linzami irin na garuruwan New Jersey da hanawa ƙememe akwai hanyoyi da dama. Dokar Jihar Ohio ta ce ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya yi shekara 10 ko fiye, ranar ritaya za a biya shi kashi ɗaya cikin huɗu na kwanakinsa, kuma abin da za a biya kada ya wuce ladan kwana 30, sai fa in hukumar da kanta ta zaɓi ta ƙara. Mutumin misalinmu da zai kwashi dala 144,000 a wancan gari, a bisa wannan doka dala 12,000 zai samu. A Kalifoniya, hukumomin da suka zaɓi haka a cikin asusun fansho na jihar suna mayar da kowane kwana 250 ya zama shekara guda ta aiki, watau mutumin namu ya sami ƙarin shekara ɗaya da wajen wata biyar. Jihar Wisconsin kuwa tana mayar wa ma'aikatanta kwanakin su zama kuɗin inshorar lafiya bayan ritaya. Wannan ta ƙarshe ta fi kwanta mini a rai, domin abin da aka tanada saboda ciwo, a kan ciwo yake ƙarewa, ko da bayan tsufa ne.

Akwai kuma batun littafin ma'aji, wanda zan taɓa a gurguje. Tun 1992 hukumar da take tsara ƙa'idojin lissafin kuɗin jihohi da garuruwan Amurka ta ce irin wannan alkawari bashi ne, tilas a rubuta shi a littafi tun ana tara kwanakin, ta kuma sabunta ƙa'idar a 2022. Amma rubuta bashi daban, ajiye kuɗin biyansa daban.

Yanzu bari in zo kan abin da lissafi ba ya nunawa, wanda a wurina ya fi kuɗin nauyi. Ranar da aka ce kwanan rashin lafiya yana da farashi, ranar ce aka sa wa ciwo tara. Duk wanda ya kwanta kwana ɗaya ya san ya rage wani abu daga kuɗin sallamarsa. Wa zai fita da rumbu cike? Mutumin da aka haifa da ƙarfin jiki, mai aikin zama a inuwa, wanda akwai mai kula masa da yara a gida. Wa zai fita da rumbu wayam? Mai ciwon sukari, mai ciwon sikila, mai kwasar shara da yashe lambatu, macen da ta sha wahalar goyon ciki, lebura da ya faɗo daga tsani. Waɗannan ba su ha'inci kowa ba. Muna neman mu saka wa dattijon masinja, mu kunyata akawun ranar kasuwa, amma sandar da muka ɗaga a kan marar lafiya na gaskiya za ta sauka.

Sa'an nan ku tuna da irin aikin da kuke yi. A cikinku akwai ma'aikatan ɗakin shan magani, da ungozoma, da masu duba tsabtar kasuwa da mahauta, da malaman firamare masu tsayawa gaban yara cike da aji. In aka koya wa irin waɗannan cewa zuwa aiki da tari riba ce, wa zai sha wahalar? Annobar 2020 ta nuna wa duniya abin da mutum ɗaya mai ciwo zai iya yi wa ofishi guda. A shekarar nan gwamnatin Amurka kanta sai da ta yi dokar wucin gadi ta hutun mako biyu da albashi, domin masu ciwo su zauna a gida. Ba shi yiwuwa hukuma ta riƙa roƙon marar lafiya ya kwanta da hannun dama, tana yi masa tayin kuɗi da hannun hagu in ya ƙi kwanciya.

To, mu dawo gida. Tsarinmu ba irin na Amurka ba ne, daga Ingila muka gaje shi. A Ingila ma'aikacin ƙaramar hukuma ba ya tara kwanaki. Haƙƙinsa ne yake girma da shekarun aikinsa, har bayan shekara biyar ya kai wata shida da cikakken albashi, da wani wata shida da rabin albashi, in ciwo ya kama. In bai kama ba, babu abin da ya saura da za a saya. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ba ma'aikacin da dokar ta shafa har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa, muddin likita ya tabbatar da rashin lafiyar. Bai ce a ɗora na bana a kan na baɗi ba, bai kuma ce a mayar da su kuɗi ba. Hasali ma sashe na 18 ya haramta wa mai aiki ya ba ma'aikaci kuɗi a maimakon hutun shekararsa matuƙar yana bakin aiki. Manufar dokar a fili take, hutu na jiki ne, ba haja ba ce. Saboda haka wanda ya ce a biya mu kwanakin da ba mu ɗauka ba, ya sani ba ƙaramin gyara yake nema ba. Sai an rushe ginin an sake aza harsashi, an buɗe wa kowane ma'aikaci a ƙananan hukumomi 774 littafin kwanaki wanda za a riƙe shekara 35 ba tare da an goge ko an ƙara ba. Ku da kuka san yadda ake neman fayil ɗin mai ritaya, ku faɗa mini wa zai riƙe wannan littafi, kuma nawa za a riƙa sayar da alƙalaminsa.

Ga kuma babbar magana. Bashi hanji ne, amma namu ya riga ya cika ciki. Babu wanda yake zaune a ɗakin nan da bai san wani tsohon ma'aikaci ko malamin firamare da ya yi shekaru yana jiran kuɗin sallamarsa ba, wasu har suka rasu magada suka ci gaba da sintiri. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, a shekarar kuma aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Duk kuɗin da ya iso hannun ƙaramar hukuma, waɗannan basussuka biyu, albashi da haƙƙin 'yan fansho, su ne a gaban layi. In kuka je teburin sulhu kuka karɓo sabon alkawari wanda sai bayan shekara talatin za a cika, za a ba ku shi da murmushi, domin ba ya cin kowa komai yau, a madadinsa kuma za a rage muku abin da ya kamata ku karɓa a hannu bana. Ma'aikatan New Jersey aƙalla an biya su. Ku ba ni da tabbacin za a biya ku.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce kada ku sa tsabar kuɗin kwanakin rashin lafiya a cikin buƙatunku. Ku nemi a rubuta a fili cewa ma'aikacin da doguwar jinya ta kwantar ba za a tsayar masa da albashi ba, ba kuma za a cire sunansa ranar tantance ma'aikata don bai iya zuwa ya tsaya a layi ba, domin na ga an yi haka da idona. Ku nemi takardar asibitin gwamnati mafi kusa ta wadatar, kada a sa marar lafiya tafiyar yini guda neman sa hannu. Maganar dattijon masinja kuwa, akwai hanyar saka masa tun yana da ƙarfin cin moriyar abin: a sa kyakkyawan zuwa aiki cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma da ƙarin mataki, tare da sharaɗin cewa kwanakin da likita ya tabbatar ba za a lissafa su a kan kowa ba. Akawun ranar kasuwa kuma maganinsa shugaban sashe ne mai duba rajista, ba sai an yi sabuwar doka ba.

In kuwa wata jiha ta nace sai ta gwada, to ta ɗauki darasi daga waɗanda suka riga ta. A sa iyaka tun ranar farko, kamar kwana 30 na Ohio, kada a bari sai rumbuna sun cika sa'an nan a zo ana rigima da masu su. A biya ranar ritaya kaɗai, ko ga magada in mutum ya rasu a bakin aiki. A lissafa kowane kwana da albashin shekarar da aka tara shi. Kuma kowace shekara a zuba kuɗin a asusun fansho na ma'aikacin, ya gani a takardarsa, kada a bar shi a bakin shugaban hukumar da wa'adinsa zai ƙare kafin yaron da aka ɗauka aiki bana ya sami ƙarin girma na biyu.

Shugaban taro, na ga sakatare yana duban agogo, kuma an ce mini akwai masu tambayoyi, musamman daga sashen lafiya.  Sai a fara da su.